Yabon da Sabo Ya Yi Mini a Gaban Masu Haraji

Sabo ya cuce ni, kuma da baki ya cuce ni. Bai sace mini sisi ba, bai zage ni ba. Yabona ya yi. Ya tsaya a ƙofar gidana a Alƙahira ranar da ba na nan, ya wasa ni a gaban ma'aikatan haraji har suka rubuta ɗaki biyu da falo a matsayin otal. Da na roƙe shi ya zo ya janye maganarsa, ya ƙi. Ya ƙi ne kuwa a lokacin da nake neman sayar da gidan in koma Malumfashi, don mahaifiyata ta gan ni kafin idonta ya rufe.

Sunana Isuhu. Ban iya tsara rubutu ba, yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Karatu na zo yi. Masaukina na farko a unguwar Madinat Nasr ne, mu bakwai a ɗaki biyu, katifa kusa da katifa. Ba wanda ya gaya mini akwai sanyi mai shiga ƙashi a ƙasar Larabawa. Wake da burodi da safe, wake da burodi da rana. Nahawu ya kayar da ni sau biyu, a na uku aka ce in tattara. Abokaina suka gama suka koma gida ana tarbarsu a filin jirgi, ni kuwa na rubuta wa Inna wasiƙa na ce saura kaɗan. Wannan saura kaɗan ɗin ne ya kai ni shekara ashirin da uku.

Da na bar ɗakin ɗalibai, wani dillalin gidaje ya karɓi hayar wata uku a hannuna, ya ba ni makulli ya nuna mini bene. Makullin bai buɗe ko ƙofa ɗaya a benen ba. Na zauna a matakala da jakata tun hantsi har la'asar. Wata tsohuwa mai sayar da burodi a bakin titi ta taso ta ajiye mini guda biyu a cinya, ta ce, "Ma'alish, ɗana," wato in yi haƙuri. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Daga nan sai unguwar Mohandessin. Na samu aiki a wani kamfanin aika kaya, ina ɗaure buhunan 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin abaya da takalma. Shekara goma sha huɗu ina rubuta Kano da Kaduna da Sakkwato a jikin buhu da baƙin alƙalami, buhun ya tafi, ni ina nan. Yara su bi ka a titi suna tsokanar baƙar fatarka, mai gida ya kira ka da kowane suna ban da naka, duk na saba. Abin da ban saba da shi ba shi ne rashin damina. Shekara ta zagayo ba hadari, ba tsawa, ba ƙamshin ƙasa. Ƙanwata Ladidi ta san ciwona. In ana ruwa a gida sai ta kira ni, ba ta cewa komai, ta ɗaga wayar sama in ji ruwa yana dukan kwano har kuɗin ya ƙare.

Da abin da na tara na sayi gida a Hayyul Ashir, unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa. Hawa na biyar, ba lif. Ban sa kujera ko ɗaya a falon ba, tabarmi na shimfiɗa. A gidan mahaifina akwai zaure, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba. Sai na mai da falon zaure. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake tuƙa tuwo. Shinkafar Masar tana da danƙo, tana yin tuwo fiye da tamu, wannan kam ban hana su ba. Kuka da daddawa matafiya ke kawo mini. Ɗalibai su cika falon, wani lokaci ashirin, wani lokaci su fi, takalma su taru tun daga ƙofa har matakala. Wanda ya sauka ba shi da masauki ya kwana biyu uku kafin ya samu wuri. Ban taɓa karɓar komai a hannun kowa ba.

Ta nan Sabo ya shigo. Tafinta ne, yana raka marasa lafiyar da ke zuwa daga Najeriya wajen likitoci. Wata uku ya kwana a tabarmata farkon zuwansa, daga baya ya kama ɗakinsa, amma bai taɓa fashin Juma'a ba. Larabcinsa kamar na rediyo. Bakinsa kuwa ba ya zama. In ya shigo zai fara, "Alhaji Isuhu uban baƙi! Mai tukunyar da ba ta sauka! Sarkin Hausawan Masar!" Yara su yi dariya, ni in ce, "Malam Sabo, zauna ka ci tuwo, ka cika mu da surutu." Ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗi. Mutumin da aka kora daga makaranta, in aka kira shi sarki ko da wasa ne, yana jin daɗi.

Ranar da abin ya faru na tafi kasuwa. A falona akwai wani dattijo daga Gusau da aka yi wa aikin ƙoda, da 'ya'yansa biyu. Sabo ne ya kawo su don kuɗinsu ya ƙare. Ɗalibai kuma sun zo dubiya. Sai ga kwamitin kimanta gidaje, mutum uku da babban littafi, suna bi hawa-hawa. Ammu Ragab, mai gadin benenmu, shi ke raka su. Suka ga takalma. Suka ƙwanƙwasa, Sabo ya buɗe cikin babbar riga.

Da na dawo shi da kansa ya tare ni a matakala yana washe baki.

"Alhaji, yau na ɗaga ka a gaban gwamnati!"

"Wace gwamnati?"

"Wasu ne suka zo da littafi, suna kallon takalma suna yamutsa fuska, sun ɗauka matsiyata ne a ciki. Na ce musu wannan masaukin 'yan Najeriya ne, duk wanda ya sauka daga jirgi nan yake fara zuwa. Na ce ba a rufe ƙofa, ba a sauke tukunya, manyan mutane na kwana a nan. Wallahi har rubutawa suka yi!"

A wurinmu haka ake yi. Baƙo ya tambayi mai gida, ka ƙara masa, ba ka rage masa. Na ce, "Allah ya shirye ka," na wuce ciki. Ammu Ragab ne kawai ya kalle ni ya girgiza kai, ya kira sunana irin na Larabawa ya ce, "Ya Hag Yusuf, abokinka yana da dogon harshe." Ban gane ba.

Watanni suka wuce. Kamfaninmu ya rufe. Sannan Ladidi ta kira, wannan karon ba ruwan sama. Ta ce, "Yaya, an kai Inna asibiti, sun ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi, na dama ma yana bi. Ta ce in gaya maka ba ta son komai, ka zo ta gan ka." Na ce a kawo ta nan, ga likitoci. Inna ta karɓi wayar ta ce ita ba za ta hau jirgi ba, wanda ya tafi shi zai dawo.

A satin na sa gida a kasuwa. Na samu mai saye, wani mai kantin magani, Ustaz Magdi, yana nema wa ɗansa. Mun daidaita, saura sa hannu, sai takardar haraji ta iso. Ni Larabcin Alƙur'ani na ɗan sani da na kasuwa, na ofis ya fi ƙarfina, don haka na miƙa masa. Ya karanta ya cire tabarau.

"Ya Hag, me ya sa ba ka gaya mini otal kake da shi ba?"

Gida irin nawa, wanda mutum ke zaune a cikinsa, ba a ɗora masa wani abin kirki. Amma wurin kasuwanci daban ne. An yi mini kuɗin otal, kuma sunan zai bi gidan duk wanda ya saya. Ustaz Magdi ya ce zai jira, in je in gyara. Akwai kwana sittin na ɗaukaka ƙara.

Ofishin haraji shi ne zangona na gaba, kuma a can na fi daɗewa. Taga ta ɗaya ta tura ni ta huɗu, ta huɗu ta ce in sayo kan sarki, mai kan sarki ya tafi salla, ya dawo ya ce bukra, wato gobe. Na yi bukra ta fi goma. Wata ma'aikaciya, Madam Su'ad, mai ƙiba da tabarau a kan hanci, ita ta ji tausayina ranar da ta ga na jingina da bango ƙafata ta kumbura. Ta ba ni kujera da shayi, ta cike mini takardar ƙarar da hannunta. Sannan ta jawo littafin ta nuna mini layin.

"Ga shi. Bisa bayanin wakilin mai gida, wurin masauki ne da gidan abinci na baƙi. Wane ne wakilinka?"

"Ba ni da wakili. Wani ne mai cin tuwona."

"To kawo mai cin tuwon ya ce ƙari ya yi, ya sa hannu, abin zai zo da sauƙi. In ba haka ba sai kwamiti ya sake zuwa ya duba. Ba sa faɗin rana. In suka zo ƙofa a rufe, kai ka sani."

Na samu Sabo a harabar wani asibiti a Giza yana riƙe da fayil ɗin wata hajiya. Na ja shi gefe na faɗa masa komai. Ya yi dariya tukuna, da ya ga ba na dariya ya daina.

"Haba Alhaji. In je gaban hukuma in ce ƙarya na yi? Ni?"

"Awa ɗaya, Malam Sabo. Ni zan biya mota."

"Takardar zamana ta ƙare, ka sani. In na shiga ofishin gwamnati wa ya san ta inda zan fito?"

"Ba sa tambayar wannan a can. Na tambaya."

"To ko ba sa tambaya. Ni in tsaya in ce Alhaji Isuhu ba kowa ba ne? Bakina ba zai iya ba wallahi. Mutuncinka nake karewa."

"Mutuncin nawa ne, na yafe shi. Uwata ce ke makancewa."

"Allah ya ba ta lafiya. Khalas, shi ke nan, bari in gama da Hajiya, zan kira ka."

Bai kira ba. Na kira, wayar na ta ƙara. Daga baya na ji dalili na uku wanda bai faɗa ba: ya daɗe yana gaya wa masu zuwa daga gida cewa yana da masauki a Alƙahira, shi da wani alhaji. Da gidana yake tallar kansa.

Saura kwamiti ke nan. Madam Su'ad ta ce in ina son su ga gida, to su tarar da gida, kada su tarar da takalma. Ranar Juma'ar farko na tsaya a ƙofa da kaina. Ɗalibai suka hawo suna hira, suna cewa, "Baba, yau kuka ce ko kuɓewa?" Na ce babu tuwo, kuma kada wanda ya sake zuwa sai na neme shi. Suka tsaya suna kallona. Ɗaya ya ce, "Baba, laifi muka yi?" Na ce ba ku yi ba, na rufe ƙofa. Ina jin saukarsu, hawa biyar. Na zauna a tabarma na ci burodi. Tunda na zo ƙasar nan ba a taɓa yi mini wulakancin da ya kai wanda na yi wa kaina ranar ba.

Na san abin da mai karatu zai ce: me ya hana ka ari kuɗin jirgi ka je ka dawo? Na faɗa wa kaina kwamiti ne ya ɗaure ni, kuma gaskiya ne, ko kasuwa ba na daɗewa don kada su zo ba na nan. Amma akwai wata gaskiyar. Shekara ashirin da uku, ba takardar karatu, ba mata, ba ɗa, in sauka a Malumfashi da jaka ɗaya da bashin jirgi? Na so in shiga gari da abin da zan gyara wa Inna ɗaki, in yi wa 'yan'uwa tsaraba, a ce Isuhu bai tafi a banza ba. Kullum na kira sai in ce, "Inna, saura kaɗan." Ta ce, "To."

Wata na huɗu Ustaz Magdi ya gaji, ya sayi wani gidan. Ban ga laifinsa ba. Falon ya yi shiru har ina jin rediyon maƙwabta. Sai in wuni ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, in ba a waya ba. Na kama kaina ina yi wa tukunya magana.

A wata na bakwai suka zo, ranar Talata da hantsi. Shugabansu dattijo ne mai gashin baki, ya iso yana haki, ya dafa ƙofa.

"Otal a hawa na biyar ba lif? Wane mahaukaci ne zai biya?"

Suka zagaya. Tabarmi, katifata, buta. A kicin ya tsaya a kan tukunyata, wadda yaro zai iya wanka a ciki, da kwanukan da na jera.

"Kai kaɗai kake ci a wannan?"

Ammu Ragab ne ya shigo tsakani. Mutumin nan mun sha faɗa da shi a kan takalma da kuɗin shara, amma ranar ya daki ƙirji.

"Ya basha, ranka ya daɗe, shekara tara ina gadin benen nan. Mutumin nan yana ciyar da rabin Afirka, bai taɓa karɓar ko kobo ba. Da yana karɓa da na sani, da na karɓi rabona. Wawa ne, amma ba ɗan kasuwa ba ne."

Dattijon ya juyo gare ni. "To don me? Mutum ba aiki, ba iyali, ya tara mutum ashirin ya ciyar. Don me?"

Na ce, "Don in ji ana Hausa."

Ya sa na maimaita. Na ce yarenmu ne. In sun ci sun ƙoshi suna gardama, suna tsokanar juna, in na rufe ido sai in ji kamar ina zauren mahaifina. Ya ce shi mutumin kudu ne, can Sa'id, a gidan kakansa ma akwai ɗakin baƙi da ba a rufewa, kuma ya fi shekara goma bai je ba. Ya buɗe littafin ya ja layi a kan abin da aka rubuta.

Takardar ta fito bayan sati uku: gidan zama. Na fito daga ofishin da ita a hannu, ban ko tsallaka titi ba na kira gida. Ladidi ta ɗauka, muryarta ba daɗi, ta ce ga Inna.

"Inna, an gama. Ina zuwa."

"Isuhu, ka zo a hankali, kada ka yi gaggawa. Na hana Ladidi ta gaya maka. Tun watan jiya na daman ma ya tafi."

Na tsaya a bakin titi motoci na yi mini oda.

"Kada ka wahalar da kanka da tsaraba," ta ce. "Yanzu ko babbar riga ka sa ko tsumma, duk ɗaya ne a wurina. Muryar dai ka kawo."

Na sayar da gidan ga wanda ya fara tayawa, da araha, ban yi ciniki ba. Tukunya na ba ɗalibai. Tabarmi na bar wa Ammu Ragab, ya rungume ni yana kuka yana zagina.

Saura kwana biyu in tashi na hangi Sabo a wani gidan shayi a unguwarmu, da rana tsaka, yana zaune da baƙi uku sababbin zuwa, da ganin hulunansu ka san jiya suka sauka. Da na so in wuce. Shi ya gan ni, ya miƙe ya buɗe hannuwa kamar ba abin da ya faru.

"Ga shi nan! Wanda nake ba ku labari! Alhaji Isuhu uban baƙi, mai..."

Na ce, "Sabo, rufe bakinka."

Ban taɓa kiran sunansa babu Malam ba sai ranar. Baƙin suka ajiye kofuna. Na matsa har ina jin warin turarensa, ban ɗaga murya ba.

"Awa ɗaya na roƙe ka. Ka zo ka faɗi gaskiya a kaina, cewa ni lebura ne mai ɗaki biyu. Ka ƙi, don ƙaryarka ta fi maka ni daraja. Wata bakwai na zauna gadin ƙofa saboda maganar da ka yi a minti biyu. Ni ma ina da laifina, na so in koma gida a mutumin da kake faɗa, wannan ni da Allah. Amma naka naka ne. Jibi zan tafi. Uwata za ta sa hannu ta shafa fuskata kafin ta san na yi furfura. Ban yafe maka ba, ban sani ba ko zan iya. Abu ɗaya nake roƙonka, kuma wannan ba sai ka shiga ofis ba. In ka ji na mutu, ka yi mini addu'a a zuci. Kada ka buɗe baki ka yabe ni."